Na daina amfani da bulala a ajina, amma iyaye sun ce lalata yara nake

Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri kan wannan fili. Dan Allah shawara nake nema.

Ni malama ce a wata ƙaramar sakandare a Kano, ni ce fom mistires ta aji biyu, yaran sun haura tamanin. Tun zangon da ya wuce na ajiye dorina, na daina sa su kamun kunne da tsallen kwaɗo, saboda na lura wanda ka zane yau shi za ka sake zanewa jibi, wasu ma sai su daina zuwa gaba ɗaya. Yanzu in yaro ya yi laifi sai in zaunar da shi da wanda ya yi wa, kowa ya faɗi nasa, sannan mu tsayar da yadda za a gyara ɓarnar.

To kwanan nan wani yaro ya ɗauke kuɗin tarar ɗan ajinsu, da muka zauna wallahi sai ga shi ashe ba ya karyawa yake fitowa, mahaifinsa ya rasu, kakarsa ce ke riƙe da shi. Ya ba da haƙuri, yana biya kaɗan kaɗan, wancan ma ya ce ya yafe har suna cin abinci tare. Amma baban yaron da aka yi wa satar ya zo ofis yana faɗa, shi dole sai an zane shi a asambuli gaban kowa, wai ka ƙi naka duniya ta so shi. Malaman ma wasu na cewa ina sangarta yara, mai kula da ladabtarwa ya ce ajina ya fi kowane surutu, kuma gaskiya wani lokacin hakan ne, zaman sulhu ɗaya sai ya cinye min rabin darasi.

Na san tun 2003 aka yi dokar kare haƙƙin yara a Najeriya, amma in na kawo maganar doka sai a ce boko ce ta ɗebe ni, kuma ba na so in yi gaba da iyaye.

Anti ta yaya zan fahimtar da su a taron PTA mai zuwa cewa biyan abin da ka ɓata shi ma horo ne? Kuma in yaro ya sake maimaita laifin bayan an yi sulhu, wane mataki zan ɗauka wanda ba duka ba?

Taki,
wata malama daga Kano