Maganar mashin ɗin autanku

Assalamu alaikum mutumina,

Ya Fatakwal, ya aiki, ya ruwan nan naku da baya ɗaukewa? Ina fata kana lafiya kai da madam da yara. Mu nan Zariya alhamdulillahi, sanyi ya fara shigowa, da safe hazo rufe gari yake har sai ka matso sosai kake hango gadar Kwangila. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na biya na gaida Hajiya, ƙafar da sauƙi sosai, har tsakar gida take fitowa yanzu, tace in faɗa maka ka daina turo mata maganin nan mai tsada wanda take sha ma ya isa.

Naji saƙon da ka turo min a WhatsApp kan maganar siya wa autanku Boxer, da safe ya je makaranta da yamma ya ɗan taɓa acaɓa ya samu na kashewa. Kaga kwana biyar ban amsa ba, nasan ka ɗauka share ka nayi, wallahi ba haka bane, a asibiti nake kwana. Shi yasa nace bari in zauna in rubuta maka a tsanake dan in mukayi waya bazan iya faɗin komai ba.

Ka tuna ɗan yayata, wanda yake kawo mana ruwan alwala lokacin da muke zama a ƙofar gida a Tudun Wada? To yanzu shekararsa 20, kusan shekara kenan yana acaɓa da mashin ɗin wani mutum, kullum da dare ya kai balas. Ranar Lahadi bayan magariba ya ɗauko fasinja daga Samaru zasu PZ, yana gudu dan yana so ya sauke shi ya ƙara ko mutum biyu ne kafin ya tashi, sai wani mai keke napep a gabansa ya ga fasinja ya taka birki ba sigina ba komai, shi kuma ya kauce ta hannun dama, kasan yashin nan da yake taruwa a bakin titi, yana hawa kai ya danne birkin baya da ƙarfi, taya ta ja, mashin ya kwanta dasu. Ba mota ce ta buge shi ba fa, babu wanda ya taɓa shi. Kansa ne kawai ya daki bakin kwata.

Abinda yafi tsaya min a rai shine ya tashi. Da ƙafarsa ya miƙe, ya kakkaɓe wando, mutane suka taru ana sannu sannu, wani ya kwarara masa ruwa a kai wani ya miƙa masa na leda ya sha, yace shi lafiyarsa lau ƙujewa ce kawai, hankalinsa duk yana kan fitilar da ta fashe da abinda zai faɗa wa mai mashin. Fasinjan aka kula da shi dan shi ƙashin ƙaurinsa ne ya karye har ya huda fata. Yaron nan ya tura mashin har gida, ya ɗan ci tuwo, yace kansa na sarawa ya kwanta. Wajen ɗaya na dare uwarsa taji yana amai, ta tashe shi baya gane ta sosai, magana tana harɗewa, ga jini kaɗan a kunne. A motar maƙwabci muka kai shi. Da akayi hoton kai likita ya nuna mana, ƙashin kan ya tsage ta gefe, jini yana taruwa tsakanin ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa yana danne ta, yace irin wannan mutum yakan tashi garau yayi awoyi yana hira kafin abin ya kayar dashi, kuma da mun bari sai asuba da wani zancen ake. A daren aka shiga dashi tiyata.

Yana raye alhamdulillahi, jiya ma ya sha kunu da kansa. Amma maganarsa a hankali take fita kuma hannun dama ba ƙarfi, sunce sai an daɗe ana gashi da motsa jiki, ko zai dawo daidai Allah kaɗai ya sani. Kuɗin da muka kashe cikin kwanakin nan kuwa, har filin uwarsa na Dakace an sa a kasuwa.

Mutumina tunda nake zaune a barandar nan abu ɗaya nake ta juyawa, hular kwano. Da akwai ta a kansa da ƙila ƙujewar ce kawai kamar yadda ya faɗa. Ka tuna farkon 2009 da Hukumar Kiyaye Haɗurra tace daga 1 ga Janairu dole kowa ya sa, direba da fasinja? Ka tuna yadda 'yan acaɓa suka dinga kifa ƙwarya da robar fenti a kai suna ɗaurewa da igiya, wasu suka siyo hular 'yan gini, gari ya ɗauka ana ta dariya, wasu suce zafi, wasu suce ƙwarƙwata da makero za'a shafa musu, har da masu cewa ana sa asiri a ciki in ka saka a sace ka. Bayan 'yan watanni magana ta bi ruwa. Yau ka tsaya a Ƙofar Doka ka ƙirga mashin ɗari, ina tabbatar maka da wuya ka cika yatsun hannu ɗaya da masu hula. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana faɗa, hula mai kyau da aka sa daidai tana rage haɗarin mutuwa fiye da ninki 6, raunin ƙwaƙwalwa kuma har kashi 74 cikin 100. Kuma sune suka ce duk duniya ba abinda yake kashe 'yan shekara 5 zuwa 29 kamar haɗarin hanya, sa'o'in autanku kenan da nawa yaron. Amma fa sai an ɗaure igiyar a haɓa, wanda ya ɗora ta kawai kamar hular sallah tun kafin ya kai ƙasa ta tashi ta barshi. Kuma in ta taɓa shan bugu mai ƙarfi ta gama aiki ko ba'a ga tsagewa ba, soson ciki ya riga ya mutu, shi yasa ni bana son na gwanjo.

Sai gudu. Yaran nan basu san lissafin ba kuma ba wanda ya zaunar dasu. Mashin da yake tafiya kilomita 60 a awa, duk daƙiƙa ɗaya yana cin kusan mita 17, wato kafin idonka ya gani ƙafarka ta kai kan birki ka wuce tsawon shaguna huɗu ko biyar. In kuma ka ninka gudu, nisan da birki zai ja kafin ka tsaya ba biyu zai zama ba, huɗu ne. Mai mota yana da ƙarfe a kewaye dashi, kai kuwa jikinka ne bodin. Nasan abinda yake tura su, ba duka bane ganganci, tunda aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mai ya hau, balas ya hau, fasinja kuma yana ta ciniki akan naira hamsin, to yaro yaga in bai yi sawu da yawa ba haka zai koma gida hannu rabbana. Daga nan ne ake fara ɗaukan mutum uku, a kashe inji a gangara dan a rage shan mai, a bi wan-we dan kar a zagaya, taya ta cinye tayi sulɓi kamar tafin hannu ana cewa sai wani sati. Daga nan ne kuma wani abokin zai miƙo masa tiramol yace sha bazaka ji gajiya ba. Wannan ƙwayar ita nafi tsoro a kan autanku wallahi, dan majalisar 'yan acaɓa ba irin majalisarmu bace ta da, akwai mutanen kirki masu iyali da yawa a ciki amma akwai waɗanda idonsu kaɗai zaka kalla ka fasa hawa.

Wani abu kuma da na lura, yawancinsu tsoron birkin gaba suke, wai zai wuntsila dasu, wasu har kwance wayar suke. Alhali yawancin ƙarfin tsayawa a tayar gaba yake, dan in ka rage gudu nauyi gaba yake komawa, abinda ake so ka haɗa biyun ka matsa a hankali ba ka damƙe lokaci ɗaya ba. Na baya shi kaɗai in ka danne shi akan yashi ko titi mai ruwa ja kawai zaiyi, abinda ya kayar da namu kenan. Wa zai koya musu? Kwana uku a filin ƙwallo, ya iya sa giya ya iya sakin kulochi shikenan ya zama direba. Madubi kuma ranar da aka siyo mashin ake cire shi wai na tsofaffi ne.

Ga manyan motoci. Kasan Zariya mahaɗa ce, na Kano na Kaduna na Sakkwato na Jos duk ta nan suke bi, tirela da tanka basa yankewa daga Ɗanmagaji har Kwangila. Direban tirela yana can sama, in kana gefensa ko dab da hancin motar baya ganinka sam, in dai kai baka hango fuskarsa a madubinsa ba to shima bai san da kai ba. Kuma in zai sha kwana sai ya buɗe tukun, yaro yaga fili ya kutsa, tayoyin baya su biyo ta kansa. Na taɓa ganin irin wannan da idona shekarun baya, har yau bana son tuna shi.

Ko su ƙannenka mata ka ja musu kunne, hijabi dogo da zani in ba'a tattare an danne ba sifokin taya ko cen yana kamawa ya fizgo mutum ta baya, wuya ne yake tafiya. Haka babbar riga. Yara kuma da ake jerawa huɗu biyar har kan tanki za'a kai makaranta, ga ƙunar salansa a ƙafa, wannan kam kusan kowane gida akwai mai tabonta.

Mutane sunata zuwa dubiya kowa yace tsautsayi ne baya wuce ranarsa. Na yarda da ƙaddara ɗari bisa ɗari, amma ai mun karanta tare a makarantar dare, wanda ya tambaya ya saki raƙuminsa yayi tawakkali ko ya ɗaure, ce masa akayi ya ɗaure sannan yayi tawakkali. Ni abinda yake cina shine kullum yaron nan ta gabana yake wucewa kai ba komai, ina da halin siya masa hular nan, ban taɓa tsayar dashi ba.

Fasinjan ma bari in faɗa maka, danginsa tun a daren suka ɗauke shi sai gidan mai ɗori, da rauni a buɗe aka ɗaure da kara aka tamke, shekaranjiya suka dawo dashi asibiti ƙafa ta kumbura tana wari, yanzu likitoci ƙoƙari suke kar a yanke. Bana raina masu ɗori, amma karayar da ƙashi ya fito waje ba tasu bace.

To ga matsayata. Bazan ce kar ka siya ba, nasan halin da gidan yake ciki, kuɗin mota daga cikin gari zuwa makaranta kullum ba wasa bane, nima da roba-roba ta nake zuwa aiki shekara da shekaru. Zan je Sabon Gari in siyo, sabo ya haura miliyan yanzu sai ka shirya. Amma ka ƙaro kuɗin hula biyu masu rufe haɓa, tasa da ta wanda zai ɗauka, kuma makulli a hannuna zai zauna har sai nayi sati biyu ina fita dashi da kaina, mu fara da cikin unguwa kafin ya hau babban titi, ya iya birki akan yashi, ya saba duba madubi. Ayi masa lamba da lasisi. Takalmi rufaffe ba silifas ba. Acaɓar kuma ni a ganina a bari tukun sai ya shekara yana hawa, in ma za'ayi banda dare, ana kiran magariba mashin ya shiga zaure, dan fitilun titi ba ko'ina suke ba ga manyan motoci da ake ajiyewa a bakin hanya ba wata alama sai ganye. Tunda mashin ɗin naku ne ba mai binsa balas, ba abinda zai sa shi gudu. Ranar da na ganshi kai ba hula ko naga an cire madubi zan karɓe makulli in kira ka, ka faɗa masa haka da bakinka tun yanzu dan kar yaga kamar ni na matsa masa.

Zan kuma sa masa 122 a waya, lambar gaggawa ta 'yan kiyaye haɗurra, in koya masa in yaga wani ya faɗi kar a ɗaga shi a wuya ko a cire masa hula da ƙarfi, kar a bashi ruwa, inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta, kuma duk wanda kansa ya bugu a kai shi asibiti ko yana rantsuwa lafiyarsa lau. Gobe in Allah ya kaimu da yamma zan ɗauke shi mu je dubiya tare, ina so ya ga abokin wasansa da idonsa ya zauna kusa dashi ko minti goma ne.

Ka sa yaron a addu'a dan Allah, uwarsa ko abinci bata iya ci. In kaga zaka iya taimaka mata da wani abu ta wajen kuɗin magani ka turo ta wajena, bata san na faɗa maka ba. Ka kira ni bayan isha'i, lokacin nake fitowa waje inda sabis yake kamawa.

Ka gaida madam, ka shafa min kan yara.

Naka,
abokinka na Tudun Wada