Abin da Ya Kamata Iyaye Su Sa wa Soja a Jaka Idan Zai Tafi Daji

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in amsa tambayar da ƙanwata ta yi mini, wadda na tabbata iyaye da yawa suna yin irinta. Ɗanta ya kammala horon kurtu a Defo ta Zariya, an tura shi Arewa maso Gabas ƙarƙashin rundunar Haɗin Kai, sai ta zo da jaka shaƙe da bargo mai nauyi da turare da kayan gwangwani, tana tambayata ko akwai abin da ya rage. Na yi aikin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, a Laberiya cikin shekarar 1996, na kuma je Darfur a 2008, saboda haka na zazzage jakar gaba ɗaya muka sake shiri.

Abin da ya fi kwantar da soja a daji shi ne ƙafarsa da cikinsa, kuma su ne ba a cika tunawa da su a gida ba. A Laberiya, inda ruwan sama ke kwana yana zuba, na ga ƙarti majiya ƙarfi sun kasa taka ƙasa saboda sun yi kwanaki da jiƙaƙƙiyar safa a cikin but, har fatar tafin ƙafarsu ta yi fari ta soma saɓulewa. Maganin wannan ba shi da tsada. Soja ya riƙe safa aƙalla ƙafa huɗu, ya ƙulle biyu a leda yadda ruwa ba zai taɓa su ba, kuma duk daren da hali ya yi ya cire takalmi, ya wanke ƙafa, ya busar da tsakanin yatsu, ya barbaɗa hoda. Safar da ta jiƙe, idan babu rana, a sa ta cikin riga jikin fata a kwana da ita, ɗumin jiki zai rage mata laima kafin asuba. Sabon but kuwa ba a fara tafiya mai nisa da shi. Tun a bariki ake sa shi kullum har ya saba da ƙafa, kuma da zarar an ji wani wuri ya fara zafi a liƙa filasta tun bai zama bororo ba. A yankin Barno da Yobe matsalar takan juya lokacin hunturu, inda faso da tsagewar leɓe ke damun mutane, kuma ban ga abin da ya kai man kaɗanya amfani a nan ba, ga shi ɗan ƙaramin gwangwani yakan kai mutum wata biyu.

Kafin a zura ƙafa da safe, a kife takalmin a kakkaɓe shi sosai, domin kunama da kububuwa suna son wuri mai duhu da ɗumi. Idan tsautsayi ya sa maciji ya yi sara, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau kamar yadda muka taso muna gani. A kwantar da mutum, a hana gaɓar motsi, a gaggauta kai shi wurin ma'aikatan lafiya.

Sai batun ruwa, wanda a kansa ne na fi yi wa yaron nan faɗa. Ruwan tafki ko na kududdufi, komai haskensa a ido, ba a shan sa sai an tace da ƙyalle mai tsabta sannan an tafasa, ko kuma an jefa ƙwayar tsarkake ruwa an jira rabin awa. Ƙwayoyin nan ba su da nauyi, ana samun su a kantin magani, kuma sun fi duk gwangwanayen da ƙanwata ta sayo daraja. Haka nan a sa masa ƙullin gishiri da sukari na asibiti guda goma ko fiye. Idan sun ƙare, a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa ana zuba sukari ƙaramin cokali shida da gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa kurɓa a hankali. Gudawa ta kwana biyu cikin zafin Afrilu tana iya mayar da jarumi abin tausayi. Wata dabara da muka koya a Darfur, wadda a gaskiya hikimar randar iyayenmu mata ce, ita ce a zura gorar ruwa cikin tsohuwar safa, a jiƙa safar, a rataye inda iska ke kaɗawa. Kafin awa guda ruwan da ya yi zafi kamar shayi zai shawu.

Game da abinci ba zan tsawaita ba, domin Bahaushe ya san guzurin tafiya tun zamanin fatake. Garin rogo, ƙuli-ƙuli, dabino, kilishi, dakuwa da ɗan yaji a kwalba sun wadatar, ba sa saurin lalacewa, kuma yajin nan yakan gyara abincin babbar tukunya wanda wani lokaci sai an rufe ido ake haɗiye shi.

Gidan sauro mai magani wajibi ne, musamman ga wanda aka kai bakin Tafkin Chadi, inda sauro ke fitowa tun kafin magariba. A haɗa masa da igiya mai ƙwari kamar kamu ashirin da ɗan tamfol mara nauyi, wanda zai zama rumfa da rana, shimfiɗa da dare, domin sanyin ƙasa ya fi sanyin iska shiga ƙashi. Rawani ko babban ƙyalle yana tare ƙura daga hanci, yana zama tawul, yana zama abin sallah. Allura da zare, abin yanke farce, asuwaki, sabulun wanki, da tocila ƙarama wadda ake ɗaurawa a goshi don hannu biyu su samu sakewa, duka za su shige aljihu ɗaya. Sai dai ya sani cewa haske da dare yana nuna wa abokan gaba inda mutum yake, don haka ba a kunna tocila ko sigari sai da izinin na gaba.

Waya ce abin da mu ba mu da shi a Laberiya, kuma ina ganin amfaninta da haɗarinta sun yi kunnen doki. Ƙaramin faifan caji mai aiki da hasken rana yana da kyau, jin muryar mahaifiya kuma yana ƙara wa yaro ƙwarin gwiwa. Amma ina roƙon iyaye da matan sojoji su daina matsa musu da tambayar sunan garin da suke, su kuma daina neman a turo hoto a sansani don a ɗora a Facebook, domin ba masoya kaɗai ke kallon hoton ba.

Da muka gama shiri, jakar yaron ta ragu da kusan rabi. Bargon na mayar wa uwarsa, na ba shi tsohuwar rigar sanyina ta saƙa wadda ke shiga ƙarƙashin kaki, turaren kuwa ta dage sai ya tafi da shi, ni ma ban ja ba.

Naka,
Wani samanja mai ritaya,
Kaduna.