A bar wa ƙudan zuman daji wurin zama a gandun Jos

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku domin in ja hankalin masu zuwa gandun namun daji na Jos, wanda aka kafa a 1972. Kowa wajen manyan dabbobi yake dosa, alhali a ciyawar bakin hanya ma akwai abin kallo.

Ƙudan zuma iri-iri ne, sun haura 20,000 a duniya, kuma mafi yawansu ba sa yin saƙa, ba su da sarauniya. Mace ɗaya ke haƙa raminta, ta tara garin fure, ta sa ƙwai a kai, ta toshe. Akwai baƙin nan ƙato mai ƙugi da ke huda busasshen itace, wanda ba ya rabuwa da furen tumfafiya da zogale da wake. Akwai mai yanka ganye: in ka ga ganye an ɗebe masa gefe, zagaye sumul kamar da almakashi, aikinta ne, da shi take shafe ɗakin 'ya'yanta. Ita ba a ƙafa take ɗaukar garin ba, a ƙarƙashin ciki take ɗauka, sai ka ga cikin ya yi rawaya. Ga kuma galla, 'yar mitsitsiya marar harbi, mai bin gumin mutum.

Hanyar kallon ba ta da wuya. A je tsakanin ƙarfe 8 da 11 na safe, ranar da babu iska mai ƙarfi. Sanyin Jos kan sa su makara, musamman da hunturu. A zaɓi fure iri ɗaya, a ware fili kamu ɗaya tsawo, kamu ɗaya faɗi, a zauna yadda inuwar mutum ba za ta faɗa kansa ba, domin inuwa na korar su. Minti 10 cif za a yi, ana ƙirga wanda ya sauka a kan fure kawai, ban da mai wucewa. A rubuta rana, lokaci da sunan tsiron. Kada a shafa turare.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar wani ƙuda mai ratsin rawaya a matsayin ƙudan zuma. A dubi kai: shi idanunsa sun cinye fuskar, 'yan gasun goshinsa gajeru ne, fikafikansa biyu, kuma yakan tsaya cak a iska. Na zuma fikafikai huɗu gare shi, gasun goshinsa dogaye.

Abin da ya fi damuna shi ne irin gyaran da ake yi wa lambuna da wuraren shaƙatawa a biranenmu. Ana sassabe ciyawa kafin ta yi fure, a kwashe busasshen itace a kai murhu, a banka wa sauran wuta da rani, a yi feshi da safe daidai lokacin kiwonsu. Ramukan da ke cikin ƙasa kuma, masu ɗan tudu a baki kamar na tururuwa, a daɓe su da siminti. Illar har gona take kaiwa, domin furen tumatir da gauta ba ya sakin garinsa sosai sai an girgiza shi da ƙugi, kuma ƙudan zuman amya bai iya wannan ba, sai na daji.

Roƙona ga masu kula da irin waɗannan wurare: a bar wani sashe ba sassabe har ƙarshen Oktoba, a bar kututture a inda ya faɗi. Makarantu kuma za su iya huda busasshen katako domin ƙudan zuman daji su yi gida a ciki, faɗin rami milimita 3 zuwa 10, zurfi santimita 10 zuwa 15, ba tare da an fasa ta baya ba. A goge bakin ramin don kada sartse ya yaga fikafikai, a rataye inda ruwan sama ba ya duka, a riƙa duba igiyar saboda tururuwa.

Wassalam.

Mai karatunku daga Jos