Tsarki ya fara mini ne daga gindin mudu

Malam Edita,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya tare da abokan aikinka. Ni mai sayar da hatsi ce a cikin garin Gombe, wake da masara da dawa, wani lokaci har gyaɗa idan kaka ta yi albarka. Asalina daga ƙasar Tangale ne, kuma a cikin ikilisiyar ECWA aka haife ni, a ciki na yi baftisma, a ciki aka ɗaura mini aure. Ban taɓa rubuto wa jarida ba. Wannan ma ɗana ne yake buga mini a waya ina faɗa, sau biyu yana tsayawa yana cewa, "Mama, har wannan ma a sa?" Na ce masa ya sa.

Ga abin da ya tunzura ni. Kwanan baya fastonmu ya yi wa'azi a kan wasiƙar Bitrus ta fari, sura 1 aya 16, inda Allah yake cewa mu zama masu tsarki domin shi mai tsarki ne. Wa'azi ya yi daɗi. Da aka tashi sujada muka taru a gindin dogon yaro mu mata, kafin a ce kwabo magana ta koma kan 'yan matan zamani: wadda ta sa wando, wadda ta shigo ba ɗankwali, wadda ta yi ƙarin gashi har gadon baya. Kusan awa guda muna kai, ba wadda ta ambaci kanta. Ni na yi shiru, ba don na fi su ba. Na tuna ne shekarun da na yi ina ɗaura ɗankwalin zumunta tsaf, ina rera waƙa a gaba, alhali ina da mudu biyu a rumfa.

Wanda ba ya sana'armu bari in yi masa bayani. Akwai mudun saye, mai zurfi, shi ake tafiya da shi kasuwannin ƙauye. Akwai na sayarwa, wanda aka bubbuga gindinsa ya ɗan shige ciki. Ido ba ya ganewa, sai dai tukunya. Ga kuma dabarar hannu: in kana saye ka tallabe tozon hatsi da tafinka, in kana sayarwa ka janye. Sai haɗa tsohon wake mai ƙwari da sabo, a zuba mai kyan a sama. Ban ce kowa haka yake yi ba, akwai masu tsoron Allah da yawa a kasuwa. Ni dai na yi, kuma ban taɓa kiransa sata ba. Sunansa a bakina "kasuwa". Har zakkata ina fitarwa daga cikin ribar, ina sa ta a ambulan da sunana a jiki.

Wajen shekara takwas ke nan aka ba ni karatun Littafi a taron Zumuntar Mata, aka ce in karanta Amos sura 8. Ban duba a gida ba, a gaban mutane na buɗe. Sai ga annabin nan, makiyayi ne ma daga Tekowa, yana kwatanta 'yan kasuwar da suka ƙosa ranar hutu ta wuce su buɗe hatsi, su rage mudu, su ƙara kuɗi, har sharar alkama su sayar wa matalauta. Muryata ta sarƙe. Mata suka ɗauka Ruhu ne ya sauko mini, wata har da cewa amin da ƙarfi. To, Ruhun ne, amma ba yadda suka zata ba. Ji na yi kamar mutumin nan ya taɓa zama a rumfata.

Kada ka ɗauka washegari na gyara. Wata uku na yi ina ciniki da Allah. Na ce bari a biya kuɗin makarantar yara tukuna. Na ce bari adashi ya zagayo. Na yi azumi har sau biyu ko zuciyata za ta bar ni in huta, ta ƙi. Daga baya na ci karo da abin da ya ƙarasa ni: a Littafin Firistoci sura 19, surar da ta buɗe da cewa mu zama masu tsarki, ita ce kuma ta zo wajen ƙarshe tana cewa ma'auni da mudu su zama na gaskiya. A tsakani akwai maganar kada hakkin ɗan ƙodago ya kwana a hannunka, kada ka yi yawon tsegumi, ka bar wa matalauci kala a gona. Ashe tun farko Allah bai raba tsarki da kasuwa ba, mu ne muka raba.

Ranar da na jefa mudun nan a masai, maigida ya ce, "Ke kaɗai ce Kirista a Gombe?" Ba mugun mutum ba ne, lissafi yake yi, kuma lissafinsa daidai ne, riba ta ragu sosai. Maƙwabciyata a rumfa, wata Hajiya da muka fi shekara goma tare, ta ga sabon mudu ta gane. Ta ce, "Ƙawata, kin huta. Mu ma akwai sura guda a Alƙur'ani a kan masu tauye mudu." Kunya ta kama ni, domin maganarta ta nuna ta daɗe da sani, ta dai yi kawaici. Shekara nawa ina kunna waƙoƙin bishara a rumfa ina ganin shaida nake bayarwa.

Abin da ya fi wuya shi ne mayarwa. Zakka, mai karɓar harajin nan na Yariko, ya ce zai mayar ninki huɗu ga duk wanda ya cuta. Ni ina zan samo mutanen? Sun saya sun wuce. Amma akwai ɗaya da na sani, wata gwauruwa mai tuyar ƙosai da take ɗaukar wake a wurina kusan kullum. Na auna rabin buhu, na ɗauki Keke Napep na kai mata har gida, na gaya mata dalili. Na zaci za ta rungume ni mu yi kuka irin na masu ba da shaida a majami'a. Ta karɓi waken, ta ce, "Allah ya yafe mana," ta koma saye a wata rumfa. Har yau ba ta dawo ba, kuma ban ga laifinta ba.

Yanzu ga inda nake so 'yan'uwana masu bi su saurara. Na ɗauka da na gyara mudu na gama. Sai na wayi gari ina leƙen mudun kowa. In na ga wata tana janye hannu, sai in ji wani daɗi a raina, in ce ni dai na wuce nan. Wato na fitar da ɓarawo ta ƙofa, Bafarisiye, mai ganin ya fi kowa tsarki, ya shigo ta taga. Wata tsohuwa a zumuntarmu, wadda muke kira Kaka, ita ta ja ni gefe ta ce, "'Yata, tun da kika tuba bakinki ya ƙara kaifi." Na yi kwana biyu ina fushi da ita. Duk mai tsintar wake ta san yadda abin yake: ka zuba a faifai ka fara cire duwatsu, sai da suka fita za ka ga masu huji, bayan su kuma ga ƙananan tsakuwa masu launin waken. Bayan mudu sai harshe. Bayan harshe sai yadda nake yi wa yarinyar da nake riƙo tsawa, ita ce ta fara tashi, ita ce ta ƙarshen cin abinci, 'ya'yana suna kwance.

Kuma tsohon abu ba ya mutuwa gaba ɗaya. A 2023, da aka cire tallafin mai kuɗin mota ya ninka, na tsaya gaban mai gyaran mudu fiye da sau ɗaya ina kallon gudumarsa. Abin da ya riƙe ni ba ƙarfin halina ba ne. Bulus ya rubuta wa Filibiyawa cewa Allah ne yake aiki a cikinmu, mu yi nufi mu kuma aikata, kuma na ga haka da idona. Ni dai nawa shi ne in tashi da asuba kafin yara, in karanta ko da aya biyar ce, in faɗa wa Ubangiji laifin jiya da sunansa, ba "zunubanmu na sani da na rashin sani" da muke rufe komai da shi ba. Sai Kaka, wadda na ba izini ta tambaye ni duk abin da ta ga dama.

Ba ina cewa sutura ba ta da muhimmanci ba. Iyayenmu ma da abin da ake gani aka fara gane su. Turawan mishan na SIM sun iso Kaltungo a 1917, cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito a 1932, kuma kakata tana cikin matan da suka fasa tukwanen burkutu da suka ba da gaskiya. Amma a lura, burkutun nan shi ne jarinta, da shi take ciyar da gida. Abin da ta bari ya ci mata kuɗi. Mu kuwa mun zaɓi irin tsarkin da ba ya cin mana ko sisi, wanda a jikin 'yar wani ake aunawa. Ana kwanan addu'a har gari ya waye, da safe a je ofis a karɓi na goro kafin a sa hannu a takarda. Ana sa yarinya a horo don ta yi ciki, a zaunar da ita a bencin baya, wanda ya riƙe albashin ma'aikatansa wata uku kuwa yana gaba, shi ne ma shugaban kwamitin gini.

Roƙona ga fastocinmu da dattawan ikilisiya, daga Gombe har Billiri da Kaltungo, su riƙa kiran abubuwa da sunayensu a bagade: mudu, bashi, adashin da aka ci aka ƙi zubi, 'yar riƙo. Ziyarar da ake kai mana gida, a riƙa kawo ta rumfa ma, ranar Talata da rana tsaka, a zauna a ga yadda muke awo.

Ni ma da sauran aiki a gabana. Akwai matar ƙanina a Kaltungo da ba mu magana tun rabon gonar Baba, shekara huɗu ke nan. Jibin Ubangiji, cin gurasar tunawa da mutuwar Yesu, yana tafe, kuma na san abin da Yesu ya faɗa a Matiyu sura 5 game da wanda ya kawo wa Allah baiko ya tuna ɗan'uwansa yana da magana da shi: ya fara zuwa su shirya tukuna. Har yanzu ina ganin ita ce da laifi. Amma na gaya wa Kaka ranar Asabar zan shiga mota, Hajiya kuma ta yarda za ta duba mini rumfa.

Taka,
Wata mai sayar da hatsi,
Gombe.