Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya sauya wa Fijo 504 ɗina giya a Kaduna

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe Manaja.

Na rubuto a bainar jama'a ne saboda sauran hanyoyin duk na bi su. Sau shida ina zuwa garejinku. Sau biyu na ajiye takarda a ofishinku. Na turo yayana tare da wani dattijon unguwarmu, aka bar su zaune a benci tun hantsi har la'asar. Ban ambaci sunan kamfaninku ba don har yanzu ina fatan mu rabu lafiya, amma kun san motar: Fijo 504 fara, ƙirar 1984, wadda wata na biyar ke nan tana ajiye bayan rumfar fentinku.

Motar mahaifina ce, Allah ya jiƙansa. Sabuwa dal ya saye ta, haɗin masana'antar Fijo ta Kakuri, lokacin yana aikin masaƙa. Da ita aka riƙa kai mu makaranta, da ita aka ɗauko mini amarya. Ranar rabon gado ita na ce a ba ni, ƙannena suka ɗauki fili. Shekara da shekaru ina lallaɓa ta, ban taɓa bari an sa mata abin da ba nata ba.

Abu biyu suka kawo ni wurinku. Gwiwata ta hagu ta gaji, taka kuloci a cunkoson Kawo ko titin Ahmadu Bello ya zame mini azaba, in koma gida da dare ƙafa a kumbure. Sai kuma mai. Tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, zuwa Zariya gaida mahaifiyata duk Juma'a ya zama abin lissafi. Giyar motar ta asali huɗu ce ta hannu, kuma a lamba huɗu yadda inji ke juyawa haka farfela, sandar da ke kai ƙarfin inji ƙafafun baya, ke juyawa, ɗaya da ɗaya. Idan maleji ya kai 100, inji na juyi kusan 3,300 a minti, yana kuka yana shan mai.

Injiniyanku ne ya kawo shawarar giyar otomatik mai suna ZF 4HP22, irin wadda aka sa wa wasu Fijo 505 da BMW da Volvo 740 da Range Rover a shekarun 1980. Ya ɗauki biro ya yi mini lissafi a bayan katin aiki: lambarta ta huɗu 0.73 ce, wato farfela ta fi inji saurin juyawa, don haka 3,300 ɗin nan zai sauko wajen 2,400. Lissafin daidai ne, har gobe ban musa shi ba. Giya ce mai kyau, babu kwamfuta a irin wadda muka zaɓa, da matsin mai kawai take aiki. Shi ya sa na amince. Na biya naira miliyan 1 da dubu 450 a biya biyu, rasit na hannuna, kuma a jikinsa an rubuta garantin wata shida, an rubuta cewa za a mayar mini da tsohuwar giyata da farfelata da duk kayan kuloci. Ni na nace a ƙara wannan layin, yaronku har yana dariya.

Mako uku aka ce, sai da aka yi tara. Wannan na yafe.

Ranar da na karɓi mota, tun daga bakin ƙofarku na ji wani abu. Kafin in kai gudun 30 ta riga ta haye lamba uku, ga shigar giya da laushi kamar ana taka katifa. Na juyo na faɗa, aka ce sabon haɗi ne, zai zauna. Washegari na kama hanyar Zariya da maiɗakina da jikokinmu biyu. Daga Rigachikun kujera ta fara karkarwa, madubi na rawa har ba na iya gane motar da ke bayana. Muna wuce Marabar Jos, a ɗan hawan nan, na taka totur, inji ya ɗaga murya amma mota ba ta ƙara sauri ba. Kafin Jaji ƙauri ya cika mana hanci. Na gangara gefen titi, na zaro sandar awon man giya. Man da ya kamata in gani ja garau ya koma baƙi, yana warin ƙonannen tuwo. Awa uku muka yi a rana da yara kafin a samu motar da ta jawo mu.

Da na kira ku, amsar da na samu ita ce wai ni na ƙona giyar da mugun tuƙi. Shekara 36 ina tuƙi. Wannan maganar ta fi kuɗin yi mini ciwo.

Don haka kafin in dawo muku da ita, na biya Panteka wurin wani tsohon bakanike da ya ƙware a giyar otomatik, muka shiga ƙarƙashinta tare da tocila. Abin da ya fara nuna mini shi ne kebul ɗin da ke tasowa daga giya zuwa kafireto, wanda suke kira kikdawun. An naɗe shi, an ɗaure a jikin bodi da wayar wuta, ba a haɗa shi da komai ba. Ranka ya daɗe, duk wanda ya taɓa aikin wannan giyar ya san kebul ɗin nan ba don saukar da giya wajen wuce mota kaɗai aka yi shi ba. Shi ke gaya wa giya yadda direba ya taka totur, ita kuma ta ƙara matsin man da ke damƙe farantan kulocin cikinta. Idan babu shi, giya na ɗauka kullum ƙafarka a ɗage take, sai ta riƙe farantan sako-sako alhali inji na jan kaya, su yi ta sulɓi suna zafi har su cinye. Abin da ya faru a hawan Marabar Jos ke nan. Na gane dalilin: kafireton motata ba shi da mazaunin kebul ɗin, sai an ƙera masa, an auna, an saita. Aikin yini guda ne. Yaranku suka ga wahala suka ɗaure shi suka rufe bonet.

Bai tsaya nan ba. Bututun man giya biyu da ya kamata su je wurin sanyaya mai, an haɗe su da juna da guntun tiyo, mai na fita da zafinsa yana komawa da zafinsa, a garin da kowa ya san zafin ranar Maris da Afrilu. Farfela kuwa tawa ta asali aka yanke aka yi wa walda, ba a kai ta an daidaita nauyinta ba, ga karkarwar da muka ji. Sannan motar na tashi ko giya na kan D, wato lambar tafiya. A gabana bakaniken ya murza makulli ta zabura gaba, ya dube ni ya ce, "Alhaji, da yaro na tsaye a gabanta fa?" Hotunan duka suna wayata, na kuma turo muku tun ranar.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kayana na asali. Farfela kun yanke ta ba da izinina ba. Tsohuwar giya kuma yau a ce tana sito, gobe a ce mai makulli ya yi tafiya, har wani yaronku ya ja ni gefe ya raɗa mini cewa an daɗe da sayar da ita. Ban ɗauki maganarsa hujja ba, amma wata biyar ban ga giyar ba. Ko an ba ni wata irinta daga kasuwa, ba ita ce wadda mahaifina ya riƙa canjawa da hannunsa ba. Da tun farko kun ce mini ba ku taɓa yin irin wannan haɗin a 504 ba, wallahi da na gode muku na nemi wani.

Ga abin da nake nema cikin kwana 14 daga yau. Ku fito mini da giyata ta asali da fedar kuloci da sauran kayanta, mai lambar da na rubuta a littafina kafin in ba ku mota. Ku samo farfelar 504 lafiyayya maimakon wadda aka yanke. Game da sabuwar giyar, ko ku gyara ta da kuɗinku a ƙarƙashin idon bakaniken da na yarda da shi, a haɗa kebul, a sa abin sanyaya mai, a gyara makulli, mu je Zariya mu dawo tare da injiniyanku a kujerar gaba, ko ku cire abinku ku mayar mini da kuɗina. Duk wanda kuka zaɓa na karɓa.

Idan wa'adin ya cika shiru, zan kai rasit da hotuna da bayanin bakaniken ga hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, daga nan kuma kotu. Kafin nan ina roƙonku, don Allah a sa wani ya rufe motar da tamfol. Zuwana na ƙarshe na tarar da gilashin direba a sauke, damina ta kama, ruwa ya kwanta a kan kujera.

Wassalam,
Mai Fijo 504 fara,
Unguwar Dosa, Kaduna.