Gwajin mantuwar tsofaffi: ƙwaƙwalwa ake aunawa ko boko?

Assalamu alaikum Edita. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan abin da ya same mu da Baba, don na san akwai gidajen Hausawa da yawa a nan Legas masu tsoho a gida da ya fara rikicewa.

Baba ya haura 75, rayuwarsa duk a harkar shanu ya yi ta a Agege, mutumin da zai kalli sa ya faɗa maka nauyinsa da kuɗinsa kafin kai ka gama lalubo kalkuleta a waya. Bara Inna ta fara cewa yana tambayar abu ɗaya sau uku sau huɗu, wata rana ya idar da la'asar ya sake tashi wai bai yi ba. Muka kai shi wani asibiti, likitar ta ɗauko takarda mai tambayoyi da ake kira MMSE, maki 30 ne, tun 1975 wani likita Folstein da abokan aikinsa suka fito da ita a Amurka, galibi wanda ya samu ƙasa da 24 sai a fara zargin matsala. Ni ne tafinta. Aka ce yau nawa ga wata, Baba ya ce 12 ga Rajab, kuma wallahi daidai ya faɗa, amma aka sa masa sifili. Aka ce ya karanta jimla ya aikata abin da ta ce, ya rubuta tasa jimlar, ya kwafi wasu zanuka biyu masu kusurwa biyar-biyar da suka shige juna, mutumin da alƙalamin kara da tawada ya sani, ajami yake rubutawa, bai taɓa zama a benci ba. Da aka zo cire 7 daga 100 kuwa sai da likitar ta ɗaga kai ta dube shi, 93, 86, 79, ko numfashi bai ja ba. Duk da haka 18 ya tashi da shi, muka dawo gida kamar an yi mana rasuwa.

Ƙanwata da ke karatun nas ita ta ce a sake. Ta ce akwai wani gwajin da ake kira MoCA, na wani likita Nasreddine a Kanada, shi ma maki 30, kuma ya fi kama mantuwa tun tana ƙarama, a binciken 2005 ya gano kashi 90 cikin 100 na masu ƙaramar matsala inda MMSE ya gano kashi 18 kacal. To na yarda ya fi kaifi, sai dai ga irin su Baba ya ma fi tsanani, zana agogo ka sa ƙarfe 11 da minti 10, zana akwati, haɗa lambobi da haruffan boko da layi. Maki ɗaya tak ake ƙara wa wanda karatunsa bai wuce shekara 12 ba, shi kuma wanda bai yi ko kwana ɗaya ba fa? Abin da na san zai ci ba gardama shi ne faɗin sunan dabba a hoton zaki da raƙumi. Gwajin Mini-Cog ɗin da ake yabo don minti uku ya isa, shi ma dai agogon nan ne da kalmomi uku.

Daga baya muka dace da wani likita da ya yi amfani da gwajin IDEA, wanda aka tsara a Tanzaniya don tsofaffin Afirka aka kuma gwada shi a Ibadan. Babu biro babu takarda. Ya jera tsinken ashana huɗu ya ce Baba ya maimaita, ya ce ya lissafo dabbobi cikin minti ɗaya, nan fa Baba ya ware, har bunaji da bokolo ya so ya raba. Amma kalmomi goman da aka karanta masa, da aka tambaye shi can gaba, biyu kawai suka dawo. Ashe dai Inna ba ƙarya ta yi ba, akwai matsala, sai dai ba ta kai yadda takardar farko ta nuna ba. Likitan ya zauna da Inna kusan rabin awa yana tambayarta yaushe abin ya fara, yana ɓata a unguwa, yana iya riƙe kuɗi, sannan ya sa a duba jini don bitamin B12 da aikin ƙwayar maƙoshi (thyroid), a duba kunne, domin wani tsohon ba mantawa ya yi ba, tun farko bai ji tambayar ba.

Roƙona ga likitocinmu na Legas, kafin a miƙa wa dattijo biro a tambaye shi wane irin karatu ya yi da kuma yaren da yake tunani da shi. Mu kuma 'yan'uwa mu daina cewa tsufa ne kawai ko sammu ne, in za a je asibiti a tafi da wanda yake kwana yana tashi da tsohon, a ɗauko tabarau ɗinsa da duk magungunan da yake sha a leda ɗaya. Wata shida aka ba mu mu koma a sake gwada Baba, da ashanar dai.

Naku,
Wani mai karatu daga Agege, Legas