Ummi, ban gane fuskarki ba

Assalamu alaikum. Ya karatu, ya sanyin Samaru? Mu nan lafiya lau, ƙafar Babanki ta yi sauƙi har yana fita sallar Asuba. Na sa miki dambun nama da yaji tare da takardar nan. Rubutowa na yi don in na kira ki, kafin in kai aya kin ce "to Umma".

Ranar sunan gidan Anti Binta ta miƙo min wayarta a tsakiyar mata, ta ce ga 'yarki a TikTok. Na gyara tabarau na kalla har sau uku. Mayafin na gane shi, ni na sayo shi a Kantin Kwari. Muryar ma taki ce. Fuskar ce ban sani ba. An tsuke hanci, fata ta yi fari tas, tabon nan na gefen girarki da kika samo a matattakalar gidan Gwale babu shi. Aka ce min filta ce. Mata suna ta masha Allah, ni kuwa cikina ya ɗuri ruwa.

Ba rawa kika yi ba, ba ki buɗe jiki ba, na gode wa Allah. Ban faɗa wa Babanki ba, kin san shi, nan take zai tuno samari biyun nan 'yan TikTok da kotu ta sa aka yi wa bulala a Kano a 2022, ya ce a karɓe wayar. Akwai dai abin gyarawa: lambar ɗakinku ta fito a bayanki, kuma da bakinki kika faɗi lokacin da kike fita lacca. Duk wanda ya so samunki kin ba shi hanya. Ko kin goge yau, bidiyon yana wayar Anti Binta, Allah kaɗai ya san wayar wa kuma.

Amma ba wannan ne ya hana ni barci ba. Kwalbar man shafawar nan ce da na gani a jakarki da hutun Sallah, wadda babu ko harafi a jikinta. Kika ce ta ƙawarki ce, na yi shiru. Yanzu na gane inda aka dosa. Waya ta ba ki wata fuska, mutane sun yabe ta, madubi kuma ya ƙi ba ki ita, sai kika tafi neman ta a kwalba.

Ummi, shekara 26 na yi ina aikin jinya. Na san abin da ake zubawa a irin wannan haɗin: sinadarai irin su hydroquinone, sitiroyid, wani har da mercury mai cin ƙoda a hankali. Na wanke ciwon matan da fatarsu ta yi siririya har jijiyoyi suna bayyana kore-kore, a yi musu ɗinki ya ƙi kamawa. Na ga kunci ya ƙone ya yi baƙin da babu man da zai fitar da shi, gaɓoɓin yatsu baƙi, sauran jiki ja. Wata amarya ta riƙe hannuna tana kuka a maido mata da kalarta ta da, ban da abin da zan ba ta sai haƙuri. Ba a banza hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta ayyana bilicin a matsayin matsalar gaggawa a 2023 ba. Masu manhajojin nan ma sun sani. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fito da takardun cikin gida da suka nuna binciken kamfanin da kansa ya gano manhajarsu ta Instagram na sa wasu 'yan mata ƙara tsanar jikinsu. Sun sani, suka ci gaba da cinikinsu.

Fuskar da kike gogewa ta Hajiya ce, wadda kika ci sunanta. Baƙa ce wuluk, haka ta rayu da mutuncinta, babu wanda ya isa ya ɗaga mata murya. Ke har kin yi girman da za ki ji kunyar kamanninta saboda yabon mutanen da ko sunan unguwarmu ba su sani ba? Adashina na kwasa na saya miki wayar nan, Babanki yana cewa a'a, na tsaya miki don karatu. Kada ki sa ya ce da ma ya faɗa.

Na sani, kina riƙe da abin da Gwaggo ta faɗa ranar bikin Zainab, da ta jera ku ke da ƙanwarki tana gwada kalar fatarku. Na ji, ban tanka ba. Ba yarda na yi ba, gidan surukai ne, ga baƙi cike da tsakar gida. Na sha tunanin ranar nan. Da na san ta zauna miki a rai haka, da na buɗe baki ko me za a ce da ni. Ki yafe min wannan.

Ba zan karɓe wayarki ba, ke ba yarinya ba ce. Ki daina shafa abin nan daga yau. In fuskar ta fara ƙuraje ko zafi kada ki tsorata ki koma masa, ki kira ni ko tsakar dare ne, mu je a duba ki. Kwalbar kuma ki zo min da ita, ina so in ga abin da ke ciki. Sannan ki tsaya a rana gaban hostel, wata ta ɗauke ki hoto haka kike, da tabon girar da komai, ki turo min. Wanda ke jakata tun na ranar saukarki ne.

Allah ya yi miki albarka, ya tsare min ke.

Ummanki